Wanda ya rubuta a zaure cewa ya gaji da rayuwa: a goge ko a bari?

Admin_Jekadafari: Salamu alaikum jama'a. Akwai maganar da mu admin muka kasa daidaitawa a kanta, shi ya sa na ce bari in kawo ta fili kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Kun dai ga kwanan nan yadda ake yawan samun masu rubuta "na gaji da duniyar nan", ko "duk wanda na ɓata wa ya yafe min", ko "in kun ji shiru ku sa ni a addu'a", wani a nan cikin zaure wani a sitatus ɗinsa, kuma yawanci tsakar dare ne. A cikinmu akwai mai cewa da an gani a goge nan take, don kar abin ya zama yayi kuma kar 'yan dariya su taru a kan mutum. Akwai mai cewa a'a, mutum ya yi ƙarfin hali ya buɗe baki sai kai kuma ka share, ai ka ƙara masa ne. To a goge ko a bari? In an bari me za mu yi bayan nan? Sharaɗi ɗaya, ba kiran sunan kowa, ba sikirinshot, ba bayanin hanyar da wani ya bi ya hallaka kansa. Wanda ya saɓa zan cire maganarsa.

Dan_Tashan_Dukku: A goge kawai admin. Neman suna ne wlh. Wanda zai yi da gaske ba ya sanarwa. Yau ya rubuta ya gaji da duniya gobe ka gan shi a wajen mai shayi yana musun Arsenal.

Maman_Ilham: Haba Dan Tasha, ka ji tsoron Allah. Ko da neman kulawa ne, ai mutum ba ya neman kulawa ta wannan hanyar sai in abu ya ci shi. Ni dai kar a goge.

Sadiq_Pantami: Ni matsalata ba mai rubutun ba ne, masu amsawa ne. Na ga wani a wani zaure ya rubuta irin wannan, kafin minti kaɗan wani ya ce "ka bar min wayarka", wani ya ce "a gaida na gaba", sai alamar dariya jere reras. Ka yi tunanin mutum shi kaɗai a ɗaki ba wuta, hasken waya kawai a fuskarsa, yana karanta wannan. In da a majalisa ne ya faɗi haka ido da ido babu wanda zai iya yi masa wannan dariyar. Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska, to a nan ba fuskar, rubutu ne kawai, shi ya sa kowa ke fassara shi yadda ya ga dama.

Sista_Rabi: Slm. Ni ma'aikaciyar jinya ce kuma ɓangaren masu larurar ƙwaƙwalwa nake, don haka ku yi haƙuri zan ɗan ja magana. Dan Tasha maganar da ka yi ita ce ta fi yawo a bakin mutane kuma ita ce ta fi cutarwa. Da yawan waɗanda suka kashe kansu sai da suka nuna alama tukuna, ko da baki ko da aiki, sai bayan abin ya faru 'yan'uwa su fara cewa ai kuwa ranar ya ce kaza. Kuma ganinsa da ka yi yana musun ƙwallo washegari ba hujja ba ce, abin yana zuwa ne yana lafawa, mutum zai iya dariya da rana dare ya yi ya rasa inda zai sa kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk shekara mutum sama da 700,000 ne ke mutuwa ta wannan hanyar, kuma sama da kashi 70 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ne irin namu, ba a Turai ba kamar yadda ake zato. Yana kuma cikin manyan abubuwan da ke kashe matasa 'yan shekara 15 zuwa 29, wato dai shekarun yawancin 'yan zauren nan. Abubuwan da za ku lura da su a waya: neman yafiya ba gaira ba dalili, mutum ya riƙa cewa ya zame wa iyayensa kaya ko gara babu shi, ya goge hotunansa, ya fice daga zaurukan da yake ciki ɗaya bayan ɗaya, ya fara rabar da kayan da yake ji da su, ya ba wani amanar lambar sirrin asusunsa, kullum ka gan shi a kan layi har asuba. Sannan akwai wadda ke yaudarar mutane, wanda ya daɗe cikin ƙunci sai kwatsam ka ga ya natsu yana sallama da kowa cikin fara'a, wani lokaci wannan natsuwar ta wanda ya riga ya yanke shawara ce.

Dan_Tashan_Dukku: To Sista in haka ne rabin Gombe na cikin hatsari kenan, don kowa na kan layi har asuba, data ta dare ta fi araha 😂

Sista_Rabi: Ba alama ɗaya ake dubawa ba ɗan'uwa, canji ake dubawa. Mutumin da ka sani da surutu ya yi tsit, ko ya fara maganar mutuwa alhali ba halinsa ba ne.

Malam_Bolari: Assalamu alaikum. Hukuncin a fili yake, haramun ne kuma babban zunubi, Allah Ya ce kada ku kashe kawunanku, lalle Allah Mai jinƙai ne a gare ku, Suratun Nisa'i aya ta 29. Amma ina jan hankalin ɗalibai masu saurin manna hadisin azaba a ƙarƙashin rubutun mutum su wuce abinsu. Ku duba yadda ayar ta ƙare, da rahama ta ƙare. Annabi Yaƙub baƙin ciki ya sa idanunsa suka yi fari, wa zai ce ba shi da imani? Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu ana kiranta shekarar baƙin ciki. Saboda haka duk wanda ya ce damuwa raunin imani ce kawai, bai yi wa kansa adalci ba. Wa'azi yana da lokacinsa, wanda ke cikin wannan halin abin da yake buƙata da farko a zauna da shi.

Zee_Kashere: Allah Ya saka da alheri Malam. Wlh da haka ake mana magana da da yawa sun buɗe baki. Mu a hostel in yarinya ta ce ba ta jin daɗin rayuwa abu na farko da za a ce mata shi ne ba ta azkar, na biyu saurayi ne ya yaudare ta, shikenan an gama shari'a.

Abu_Hanifa_Herwagana: Akaramakallahu ina da ja kaɗan. In aka yi ta sassautawa ba a faɗin azabar, ba a buɗe wa yara ƙofa ba? Tsoron wuta ai shi ya hana da yawa.

Malam_Bolari: Malam Abu Hanifa ban ce a ɓoye hukunci ba, kuma gaskiya ne tsoron Allah ya riƙe mutane da yawa. Abin da na ce a san gurbin kowace magana. Kuma abin da nake gani a kwament na yanke wa mamaci wuta, wannan shiga hurumin Allah ne. Jumhurun malamai sun tafi a kan musulmi ne, ana masa wanka a sallace shi. A cikin Sahihu Muslim akwai ƙissar mutumin Ɗufailu ɗan Amru wanda ya yi hijira, ciwo ya tsananta masa ya yi abin da ya zama ajalinsa, Manzon Allah (SAW) ya roƙa masa gafara. Sannan an ɗauke alƙalami a kan wanda hankalinsa ya gushe, kai da kake bayan waya ina ka san halin da ƙwaƙwalwarsa take a lokacin? Kuma ku tuna uwarsa da ƙannensa suna karanta abin da kuke rubutawa.

Ladi_Kaltungo: Mu ma a coci haka abin yake, da an ji sai a ce shaiɗan ne ko rashin bangaskiya, iyali su yi ta ɓoyewa don kunya. Amma a Littafi Mai Tsarki annabi Iliya da kansa ya zauna ƙarƙashin itace ya roƙi mutuwa, ya ce ya isa haka. Abin da aka fara yi masa shi ne aka bar shi ya yi barci aka ba shi abinci da ruwa. Admin ni ra'ayina kar a goge, amma a rufe bakin masu dariya.

Usee_MaiGyaranWaya: Ku bari in faɗa muku abin da nake gani a shago a kasuwa, don waya in ta lalace sirrin mutum a hannunmu yake faɗowa ko ba ka so. Abu uku ne ke cin samarin nan. Caca ta waya, yaro zai saka kuɗin ogansa yana cewa zai mayar in ya ci, ya wayi gari ba uwa ba riba. Sai manhajojin bashi, ka ci dubu kaɗan, ranar da ka makara su kwashi lambobin da ke wayarka su tura wa kowa har surukinka hotonka an rubuta ɓarawo, shi ya sa hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta FCCPC ta fara dirar musu tun 2022 amma har yanzu akwai su. Na ukun shi ne wanda ba a faɗa, a yi hira da yaro da sunan mace a sa shi ya tura hoton tsiraicinsa sannan a ce ya kawo kuɗi ko a watsa. Wani yaro ya zo min hannunsa na rawa wai in taimaka in goge masa Facebook ɗinsa gaba ɗaya yanzu-yanzu, ko zama ya kasa yi, leɓensa ya bushe. Da na ja shi bayan shago na ba shi ruwa sai ya fashe da kuka. Na ce kar ya tura ko sisi don in ka biya sau ɗaya ba za su bari ba, muka adana shaidar muka yi musu bulok muka kai rahoton asusun, na sa ya kira yayansa a gabana.

Zee_Kashere: Wannan na ukun ba ƙarya. Meta mai Facebook da Instagram da kanta a watan Yulin 2024 ta ce ta rufe asusun Instagram wajen 63,000 daga Najeriya saboda irin wannan damfarar. Mu mata kuma namu salon daban ne, tsohon saurayi ne zai riƙe hoto ko hirar da kuka yi, ko a kai ki irin shafukan tonon sililin nan a sa hotonki mutum dubu su taru suna zagin iyayenki. Kafin gari ya waye an tura wa babanki.

Baffa_Dukku: 'Ya'yana ni duk wannan bai shige min ba. A zamaninmu mun ga yunwa mun ga fari, shanu suka mutu a gaban idonmu a 1984, ba mu ji wani ya ce zai kashe kansa ba. Wayar nan ce ta lalata muku zuciya. Ku ajiye ta ku je gona.

Maman_Ilham: Baffa Allah Ya ƙara girma, amma a da ɗin ma ana yi, rufewa ake. Sai a ce iska ce ta ɗauke shi, ko a ce gajeriyar rashin lafiya. Kakata ta sha ba mu labarin irin haka a ƙauyensu da muryar raɗa. Kuma mu nan da fulako ya yi mana yawa, namiji ya ce abu na damunsa ma abin kunya ne, to ina za a ji?

Sadiq_Pantami: Amma Baffa bai faɗi ƙarya duka ba fa. Wayar tana da nata. In ka tsaya ka kalli bidiyon baƙin ciki guda biyu a TikTok, shikenan ta gane, sai ta yi ta jero maka irinsu har ka ɗauka duniyar duka haka take. A Ingila akwai yarinya 'yar shekara 14, Molly Russell, da ta rasu a 2017, binciken da aka kammala a 2022 ya tabbatar abubuwan da take gani a Instagram da Pinterest sun taimaka wajen mutuwarta, wasu ma ba ita ta nema ba turo mata aka yi ta yi. Maganarta na cikin abin da ya ƙara matsa wa gwamnatinsu lamba har aka yi dokar kare mutane a intanet a 2023. To su da ke da masu sa ido kenan, mu da Hausa muke rubutu wa ke karantawa a kamfanonin nan?

Baffa_Dukku: To kun ji. Ni dai na faɗa.

Admin_Jekadafari: Wani ɗan zaure ya turo min wannan ta inbos ya ce in saka ba tare da sunansa ba. Ga shi yadda ya rubuto:

"Ni na taɓa rubuta irin wannan sitatus ɗin. Lokacin jarina ya karye, kuɗin mutane ne a ciki, ina jin kunyar fita ko masallaci, in na ji sallama a ƙofar gida gabana ya faɗi. Da na rubuta ban san me nake so ba gsky, rabina na so a kula rabina na so a ƙyale ni. Mutane da yawa sun gani, ina kallon sunayensu suna ƙaruwa a ƙasa, wasu sun turo alamar addu'a, wani ya ce in daina wasan yara. Mutum ɗaya ne ya kira. Na ƙi ɗauka ya sake kira, na ƙi, sai ga saƙo wai yana ƙofar gidanmu in fito ko ya buga ya tashi Baba. Daga Tumfure ya taho a kan mashin cikin sanyin nan ko rigar kirki bai saka ba. Ya shigo ya zauna a bakin katifa, ya ciro gyaɗa a aljihu yana ɓarewa, ya dube ni ya ce wane, kashe kanka kake tunanin yi? Wlh tunda abin ya fara ba wanda ya tambaye ni kai tsaye, sai na ji kamar an sauke min wani abu, na ce eh. Bai yi salati ya miƙe ba, bai min wa'azi ba, ya ce to yau a nan zan kwana. Da safe ya sa na faɗa wa yayata, ita ta kai ni asibiti. An ce ciwon damuwa ne, aka ɗora ni a kan magani, sai da aka yi makonni kafin na fara jin bambanci. Bashin bai tafi ba, zama aka yi da masu kuɗin aka tsara biya kaɗan-kaɗan, har yau ina biya. Amma ina nan, na yi aure ma. Admin da an goge rubutuna a daren nan da shi ma bai gani ba."

Maman_Ilham: Allahu Akbar. Na yi hawaye wlh. Allah Ya ƙara maka lafiya ɗan'uwa, shi kuma abokin Allah Ya biya shi da Aljanna.

Dan_Tashan_Dukku: Allah Ya ƙara sauƙi. Amma fa tambayar nan da abokin ya yi ni tana ban tsoro, in mutum bai kai can ba ka ambata masa, ba kai ka saka masa a rai ba?

Sista_Rabi: An yi bincike a kan wannan sosai kuma amsar ita ce a'a, tambaya ba ta dasa tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawowa kamar yadda ɗan'uwan nan ya faɗa. Ka tambaya a fili da kalmar, ba "ko dai kana tunanin wani abu" ba. In ya ce eh, kar ka yi masa musu kar ka ce wasu sun fi shi shiga uku, ka saurara. Kar a bar shi shi kaɗai. A kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi daga ɗakin, a hankali ba da hayaniya ba. Sannan asibiti, Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe akwai likitocin ƙwaƙwalwa, na Bauchi ATBUTH ma akwai, ga kuma babban asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri. In ya riga ya yi wa kansa wani abu to sashen gaggawa mafi kusa kai tsaye, kar a tsaya ba shi manja ko madara a gida. Dalilin da ya sa muke nacewa a kan daren farko shi ne, wannan matsanancin halin yawanci ba ya daɗewa a ƙololuwarsa, in aka samu mutum ya tsallake sa'o'in nan da wani a gefensa, da yawa ba sa komawa. Likitocin ne dai ba su da yawa, ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 likitocin ƙwaƙwalwarta ba su kai 300 ba, don haka a yi haƙuri da layi.

Manomin_DadinKowa: Maganar kawar da abu ta tuna min. Mu manoma magungunan feshi a ɗakin kwana muke ajiye su ƙarƙashin gado, kowa na iya kai hannu. Ya kamata a riƙa kulle su a wani wuri daban makulli a hannun mutum ɗaya. Ƙasar Siri Lanka da ta hana shigo da masu tsananin guba, cikin shekara 20 daga 1995 kashe kai ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 kuma noma bai tsaya ba. Nan ma NAFDAC ta hana sayar da wani a ƙananan kwalabe a 2019, ba zan kira suna ba saboda dokar admin, amma ku shiga kasuwa ku gani ko hanin ya yi aiki.

Hajiya_Federal_Lowcost: Sista ni tambayata, ruƙiyya fa? Don wasu abin sammu ne ko shafar aljanu, asibiti ba su san wannan ba.

Malam_Bolari: Hajiya a yi addu'a a kuma je asibiti, ba sa karo da juna, Manzon Allah (SAW) ya yi umarni da neman magani. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗaure mutum ana dukansa wai ana fitar da aljani, ko a ce ya zubar da maganin likita.

Barista_Kumo: Akwai abin da ba a taɓo ba kuma yana hana mutane zuwa asibitin da Sista ke faɗa. A dokar hukunta laifuka ta Final Kod da jihohin Arewa suka gada tun 1960, sashe na 231, yunƙurin kashe kai laifi ne, ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ko tara. A kudu ma sashe na 327 na tasu dokar haka ya ce. Wato mutum ya tsira da kyar sai kuma a ce za a gurfanar da shi, to wane iyali ne za su fito su faɗa? Legas ta gyara nata, ta mayar da shi batun kai mutum asibiti. Ghana ta cire shi daga laifi a 2023. A nan Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023 wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, amma ita ba ta goge waɗancan sassan ba. Ma'aikatar lafiya ta tarayya ƙarƙashin Farfesa Ali Pate, mutumin Misau nan maƙwabtanmu, ta ce a 2024 tana aikin ganin an cire. Shawarata dai kar tsoron wannan ya hana ku kai mutum asibiti, rai ake magana. Sannan masu ɗaukar sikirinshot ɗin rubutun mutum suna yaɗawa, da masu barazanar watsa hoto, ku sani dokar laifukan intanet ta 2015 tana nan.

Abu_Hanifa_Herwagana: Barista in an cire daga laifi ba kamar an halatta ba kenan?

Barista_Kumo: Haramcinsa a addini na nan ko da doka ko babu. Tambayar ita ce gidan yari yana warkar da ciwon damuwa?

Admin2_Fati: Ni ce admin ɗin da ta ce a goge, bari in kare kaina don na ga an kusa mayar da ni marar tausayi. Ban ce a share mutum ba. Tsorona shi ne zauren nan akwai yara 'yan sakandare, kuma abin nan yana yaɗuwa, in ɗaya ya rubuta aka yi ta kwament ɗari biyu, wani da ke cikin irin halin yana kallo. An san wannan tun tuni, a birnin Biyana na Ostiriya a 1987 da aka sa 'yan jarida suka daina kururuta labarin da bayyana yadda aka yi, irin mutuwar da suke ta ruwaitowa ta ragu sosai. Ku duba abin da muke yi in wani ya rasu ta haka, a ɗauko rubutunsa na ƙarshe da hotonsa a sa waƙar tausayi a ƙasa, kowa na ɗorawa, wanda a rayuwarsa ba a taɓa kula shi ba sai ga shi ya cika gari. Me muke koya wa na baya? Ni abin da nake so, a tuntuɓi mutum tukuna, in an same shi an tabbatar wani na tare da shi, sannan a sauke rubutun a faɗa masa dalili. Don gobe in ya warke ba zai so a riƙa nuna shi da shi ba, har wajen neman aure sai an tono.

Sista_Rabi: Anti Fati a nan kina da gaskiya. Wanda ya bayyana hanya ko ya sa hoto a sauke nan take. Labarin wanda ya shiga ya fita kuwa, irin na ɗan'uwanmu na sama, shi an ga yana taimakon masu karantawa, irinsa ya kamata a yawaita.

Ladi_Kaltungo: To ai kun kusa haɗuwa kenan. Kira tukuna, gogewa daga baya. Saura wa zai yi kiran ƙarfe biyun dare.

Sadiq_Pantami: A samu 'yan sa kai, maza biyu mata biyu kowane mako, kuma a san unguwar da kowa yake don in abin zuwa ne a san wa ya fi kusa. Ni ina Pantami ina da mashin, a sa ni.

Maman_Ilham: Mace dai mace ta kira ta don Allah, kar a gyara wani abu a ɓata wani. Kuma ni matar aure ce ba zan iya fita da dare ba sai dai waya, in ta kama a je gida sai in tashi maigida.

Zee_Kashere: Nan ne fa nake da matsala. Kuna ta cewa a faɗa wa 'yan gida. Wani gidan in aka faɗa, abin da zai biyo baya duka ne da ƙwace waya da cire ta daga makaranta, wataƙila ma gidan ne asalin ciwon, auren dole ne ko wani a cikin gidan ke cutar da ita. In ta ce min Zee na amince da ke kar ki faɗa wa kowa, in na faɗa na ci amana kuma ba za ta sake gaya wa kowa komai ba.

Sista_Rabi: Ƙanwata kar ki taɓa yin alkawarin rufe wannan sirrin, ki ce mata ina sonki da yawa ba zan iya riƙe wannan ni kaɗai ba, zaɓi wanda za mu faɗa wa tare. Ba dole sai uba ba, akwai gwaggo, akwai yaya, akwai malamar makaranta ko matar liman. Kuma ke ma kina buƙatar wanda zai taya ki, ɗaliba ɗaya ba za ta ɗauki ran mutum a kanta tana ga jarabawa ba.

Zee_Kashere: In ta ce babu ko ɗaya da ta yarda da shi fa?

Baffa_Dukku: A faɗa wa uban ko ta so ko ta ƙi. Fushinta mai wucewa ne.

Zee_Kashere: Baffa ba kowane uba ne irinka ba.

Usee_MaiGyaranWaya: Ga wata kuma, duk wannan tsarin na wanda muka sani ne. A Facebook rabin zauren nan sunan ƙarya ne da hoton fulawa ko na mota, ba lamba ba unguwa. In irin wannan ya rubuta, abin da ke hannunmu shi ne a yi masa magana ta inbos, a duba abokansa ko akwai wanda ya san shi a zahiri, sannan a danna wajen kai rahoto a zaɓi na cutar da kai, su kan tura masa saƙon taimako. Akwai kuma 112 na gaggawa, da ƙungiyar SURPIN da ta faro daga asibitin koyarwa na Legas masu layin waya na irin wannan. Admin a nemo lambobinsu a gwada a ga suna shiga kafin a manna a saman zaure.

Admin_Jekadafari: Na gode jama'a. Abin da zan fara daga daren yau, duk wanda ya yi dariya ko gatse a ƙarƙashin irin wannan rubutun zan cire shi ba gargaɗi. Masu son shiga jerin 'yan sa kai su yi min magana da unguwarsu. Maganar Zee ta faɗa wa iyaye ban da amsarta, Sista da Malam ko za ku zauna ku fitar mana da wani abu.

Dan_Tashan_Dukku: Admin sa ni a na dare, dama ba barci nake ba, lodi muke jira har asuba. Amma Sista ta rubuto min abin da zan ce in an ɗauka, don ni bakina ba shi da linzami.

Admin2_Fati: Har yanzu ba a ce minti nawa za a jira ba kafin a sauke in an kira ba a ɗauka ba.